Daga sifili zuwa goma, naka nawa ne?

Malam Sabo Tela: Salamu alaikum jama'ar zaure. Ƙorafi na kawo, ina son masu sanin abin su warware min. Kwana uku ke nan ban runtsa ba saboda ciwon haƙori, turmin ƙasa na hagu. Jiya da sassafe, cikin sanyin nan da ake tsulawa, na bar yara a shago na hau keke daga Gangare zuwa wani asibitin haƙori. Ina zaune hannuna a kunci, sai yarinyar da ke taimaka wa likita ta miƙo min takarda da wani layi a jiki, ta ce, "Baba, in sifili babu ciwo ke nan, goma kuma ciwon da babu na sama da shi, naka nawa ne?" Sai da na kalle ta sau biyu. Na zo neman taimako an ba ni lissafi. Na ce huɗu don dai a wuce wurin. Aka duba, aka ɗauki hoto, aka ce sai an wanke jijiyar, wai rut kanal, aka rubuta magani aka ce in dawo Alhamis ta sama. Daren jiya ma a zaune na kwana. Shin ciwo shinkafa ne da za a auna shi da mudu?

Maman Hanifa: Allah ya sauwaƙe Malam. Amma tsakani da Allah, kwana uku ba barci ka ce huɗu? To ina takwas a wurinka?

Malam Sabo Tela: Hajiya, yarinyar nan sa'ar 'yata ta biyu ce. Da furfurata in zauna gabanta ina cewa goma? Goma ai sai wanda tirela ta taka.

Alhaji na Katako: Ni ina bayanka Malam. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da can likita fuskarka zai duba ya gane halin da kake ciki. Yanzu komai sai takarda, ba don komai ba sai don su cika fayil.

Sista Rabi: Alhaji ka yi haƙuri, a nan kam ban yarda ba. Shekara goma sha huɗu ina aikin jinya a garin nan, kuma fuskar Bahaushe ita ce abu na ƙarshe da zan dogara da shi. Mutum zufa na keto masa cikin hunturun Jos, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Ka sake tambaya, ya ce alhamdu lillahi. Ban taɓa jin majinyaci ya ce babu sauƙi ba sai dai in ya kusa suma. 'Yan uwanmu Fulani kuwa ba a magana, sai a yi wa yaro ɗinki yana kallon silin kamar ba jikinsa ba. To likita ya rubuta me a kati? Da sauƙi?

Dakta Binta: Wa alaikumus salam Baba Sabo, sannu da jiki. An jawo ni nan ne, kuma likitar haƙori ce ni, bari in sa baki.

Zazzaɓi yana da ma'auninsa, hawan jini yana da nasa, suga ma ɗigon jini ɗaya ya isa. Ciwo kuwa har yau babu wata na'ura a ɗakin likita da za a manna maka ta faɗi yawansa. Hoton haƙori yana nuna kogo, yana nuna inda ƙashi ya zaizaye a gindin saiwa, amma ba ya nuna zogi. Na sha ganin haƙorin da ya ruɓe rabi mai shi yana cin ƙashin miya da shi, na kuma ga wanda kogonsa sai an ƙura ido amma mai shi na birgima. Saboda haka dole mu tambaye ka, kuma lambar nan ita ce gajeriyar hanyar da za ta sa abin da ka faɗa yau ya zauna a rubuce, wani likitan ma ya karanta gobe ya fahimta.

Ga abin da huɗunka ya jawo. A yadda aka saba rabawa, 1 zuwa 3 ciwo ne kaɗan, 4 zuwa 6 matsakaici, 7 zuwa 10 mai tsanani. A rana mai cunkoso, wanda ya ce takwas kuma bai yi barci ba shi za a yi ƙoƙarin buɗe wa haƙori a ranar, a cire jijiyar da ta kumbura a sa magani a toshe na wucin gadi, ragowar aikin ya biyo baya. Mai huɗu ana ganin zai iya jira da ƙwaya. Kai ka sa kanka a layin masu jira, Baba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Malam Sabo Tela: To ai ba wanda ya gaya min haka, Likita. Na ɗauka gwajin jarumta ake yi.

Dakta Binta: Wannan kuma laifinmu ne, na karɓa. Kamata ya yi a ce maka ga dalilin tambayar, kuma a bi ta da wasu: ka yi barci jiya? Me ke tayar da shi? Da an yi haka, da huɗun nan bai tsaya ba.

Ɗan Rikkos: Kai jama'a, ashe sirrin ke nan. Daga yau ko sauro ya cije ni a dasashi goma zan ce, a gama da ni in kama gabana.

Sista Rabi: Ɗan Rikkos irinku muna gane ku tun daga ƙofa. Mai goma ba ya zama yana danna waya yana dariya. Kuma in ka fara da goma, gobe abin ya ƙaru me za ka ce, goma sha biyu?

Inna Asabe: Ni tambayata daban ce. Na haihu bakwai, biyu a gida ba ko ungozoma sai uwar mijina, kuma ban yi kuka ba don kada a yi da ni a dangi. In aka ce min goma shi ne ciwon da ya fi kowanne, ni naƙuda zan tuna. Shi kuma yaron nan na Rikkos mai yiwuwa babban ciwon da ya taɓa sani kaciya ce, ita ma bai tuna ba. Ta yaya shida na zai zama daidai da shida nasa?

Ɗan Rikkos: Inna me na yi miki da safiyar nan?

Dakta Binta: Inna kin taɓo inda abin yake da rauni, kuma gaskiyarki. Shidanki da shidansa ba ɗaya ba ne, ba kuma za su taɓa zama ɗaya ba. Inda lambar ta fi amfani shi ne auna mutum da kansa. Kin zo da takwas, na yi aiki, gobe kin ce biyar, jibi uku: mun san muna kan hanya. In kuwa kin zo da takwas, ya sauka uku, rana ta uku ya koma bakwai ga kunci ya fara tashi, to wani abu ya faru a ciki, sai ki dawo ba jiran ranar da aka ba ki. Ba don mun rubuta na farkon ba, da me za mu gwada? Mutum yana mance zafin shekaranjiya da zarar na yau ya zo.

Auwal ɗalibi: Ina ajin ƙarshe, kuma aikin bincikena a kan wannan yake, ku bar ni in ɗan yi fankama. Ma'aunan sun fi ɗaya. Wanda aka miƙa wa Baba layi ne mai tsawon santimita 10, ba lamba a jiki sai kalma a kowane baki, majinyaci ya yi ɗan tsaga a inda yake ji, mu kuma mu sa rula mu auna da milimita. Akwai na baki kawai, sifili zuwa goma, shi ya fi sauƙi, ko ta waya ana yi. Masu binciken jijiyar haƙori suna yawan amfani da wani layi mai milimita 170 da ake kira na Heft da Parker, wanda aka jera kalmomi a jikinsa daga ɗan kaɗan har mai tsanani. Sai kuma na fuskoki shida, wanda Donna Wong da Connie Baker suka fito da shi a Amurka a shekarun 1980 saboda yara, daga mai murmushi har mai hawaye.

Malam Sabo Tela: Na ga wannan a manne a bango. Da shi aka ba ni ma ba zan nuna mai hawaye ba, tunda ba kuka nake ba.

Auwal ɗalibi: Baba ba kai kaɗai ba, an daɗe ana yi wa ma'aunin wannan sukar. Shi ya sa akwai wani na fuskoki da aka gyara a 2001, babu murmushi babu hawaye, sai dai fuska tana ƙara ɗaurewa.

Dakta Binta: Layin ma yana da nasa. Wani dattijo malamin allo ya taɓa yi min tsaga can kusa da bakin hagu, na yi murna na ce ciwo kaɗan ne. Ina kallonsa yana matse hannun kujera. Ashe shi daga dama yake fara karatu, a wurinsa hagu ne ƙarshen layi. Tun ranar na daina miƙa takarda ba bayani.

Sista Rabi: Ni da 'yan kasuwa da tsofaffi kuɗi nake yi musu. In ce, Baba in ciwon da ka zo da shi jiya naira ɗari ne, yau saura nawa? Nan take za ka ji an ce saura talatin, wani ma har ya ce talatin da biyar. Mutumin da zai yi shiru in an ce sifili zuwa goma, in an kawo naira ba ya kuskure.

Alhaji na Katako: To wannan na gane. Amma har yanzu ina nan a kan bakana ta gefe ɗaya: Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Zogi daban, raɗaɗi daban, suka daban, tsami daban. Haƙori ya yi maka tsami in ka sha ruwan randa da asuba, wannan ba shi ne wanda ke yi maka zut-zut kamar ana buga ganga a muƙamuƙi ba. Ku kwashe duk wannan ku dunƙule a lamba ɗaya, ai an yi asara.

Auwal ɗalibi: Alhaji da ka yi boko da farfesa ka zama. Abin da Ronald Melzack ya gani ke nan a Jami'ar McGill ta Kanada, ya fitar da takardar tambayoyi a 1975 mai kalmomi 78 na siffanta ciwo, majinyaci ya zaɓi waɗanda suka dace da nasa. Matsalar ita ce kalmomin na Turanci ne, kuma ba kowacce ke da takwara a Hausa ba. Ni kaina a asibiti sai in rubuta lamba, a gefe in rubuta kalmar da mutum ya faɗa da bakinsa.

Dakta Binta: Kuma a wurin gano cutar, kalmomin Alhaji sun fi lambar amfani nesa ba kusa ba. Lamba ba ta ce a yi rut kanal. Abin da ke faɗa shi ne halin ciwon da gwaje-gwajen da muke yi.

Muna ɗora 'yar auduga da aka fesa wa wani ruwa mai tsananin sanyi a kan haƙori. Sai mun fara da lafiyayye don mu san yadda jikinka ke amsawa. In ka ji tsam ya wuce da an ɗauke audugar, jijiyar ta fusata ne kawai, sau da yawa ciko ya isa. In kuwa an ɗauke amma zogin ya ci gaba har daƙiƙa talatin ko fiye, ko yana tashi da kansa ba abin da ya taɓa shi, to kumburin ya kai inda ba ya komawa. Dalili kuwa, jijiya da hanyoyin jini suna zaune ne a ɗan ɗaki mai bangon da ba ya miƙewa. Yatsa in ya kumbura yana da wurin tashi, jijiyar haƙori ba ta da shi. Sai mu ƙwanƙwasa da gindin madubi, in ka zabura mun san abin ya sauka har gindin saiwa.

Baba Sabo, in tambaye ka: shayi da ruwan sanyi, wanne ke tayar maka da shi?

Malam Sabo Tela: Likita kamar kina gidana. Da farko sanyi ne, ko iskar asuba na shaƙa ta baki sai na dafe kai. Amma tun shekaranjiya abin ya juya. Na kurɓi shayi wurin mai shayin bakin layinmu, sai da na ajiye kofin na riƙe benci. Yanzu fiya wata mai sanyi nake guntsa in riƙe a kuncin, shi ne nake samun lafiyar minti biyu, da ya ɗumama in zubar in sake guntsa. Matata ta ce a garin Jos cikin Janairu ni kaɗai ne ke neman ruwan firij da ƙarfe biyun dare. In na kwanta kuma ya fi tashi, shi ya sa nake jingina da bango. Har kunnena yake harbawa.

Dakta Binta: Baba wannan ba huɗu ba ne ko a wurin waye. Mutum ya shigo mana da gorar ruwan sanyi a hannu yana guntsa, kafin ya zauna mun san abin da ke tafe da shi. Kada ka jira Alhamis. Gobe ka koma ka faɗa musu abin da ka rubuta nan kalma da kalma, har da fiya wata. Akwai wani dalilin kuma: turmin ƙasa mai irin wannan kumburin yana gardamar allurar kashe zafi. Leɓe zai mutu, harshe ya yi nauyi, amma ana taɓa haƙorin ka ji. In likita ya san ciwon ya kai haka, zai shirya ƙarin allura a gefen haƙorin, ya kuma sake gwada sanyi kafin ya fara. Ku yi yarjejeniya da shi, in ka ji zafi ka ɗaga hannun hagu. Ba raki ba ne.

Bala Direba: Ni fa nawa ya yi min irin haka bara, sati guda cur. Na jure, ina tura kanumfari a kogon, rana ɗaya na tashi shiru kamar an ɗauke ruwa. Yau sifili nake. Kuɗin rut kanal ɗin nan na ji an ce ya ninka na cirewa sau nawa, ga zuwa biyu ko uku. Malam ka ƙara haƙuri kwana biyu.

Maman Hanifa: Bala kada ka kashe mana tela, salla na zuwa.

Dakta Binta: Malam Bala, sifilinka ya fi takwas ɗin Baba tayar min da hankali. Kanumfari yana da wani mai a cikinsa da ke kwantar da zogi, mu ma akwai shi a wasu kayan cikonmu, amma ba ya warkar da jijiya. Shirun da ka ji, mafi yawan lokuta jijiyar ce ta mutu. Mai kai ƙara ya mutu, ɓarayin suna nan a gidan. Ƙwayoyin cuta suna bin saiwa su sauka ƙashi a hankali. Duba madubi: haƙorin ya fi 'yan uwansa duhu? Akwai ɗan ƙurji a dasashi da ke fashewa ya dawo?

Bala Direba: Ƙurjin kam akwai, yakan fito ya fashe da ɗan gishiri-gishiri a baki. Amma ba ya ciwo.

Sista Rabi: Ba ya ciwo ne don mugunyar ta sami ƙofa. Ranar da ƙofar ta toshe za ka ba da labari. Na ga waɗanda aka kawo da dare ƙasan haɓa ya kumbura ya yi tauri kamar katako, harshe ya ɗago, yawu ma ba ya haɗiyuwa, duk daga turmi ɗaya. Kowa ya ji: kumburi ya sauka wuya ko ya hau ido, ga zazzaɓi, baki ba ya buɗuwa ko numfashi na wahala, ba maganar lamba kuma, sashen gaggawa ne a daren, ko JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko duk babban asibitin da ya fi kusa.

Ɗan Rikkos: To kafin gari ya waye Baba ya sha me? Mai kemis ɗin layinmu kafso ja da rawaya yake ba kowa.

Dakta Binta: Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya kashe zogin jijiyar da ta kumbura a cikin haƙori, an gwada an gani. Wurinsa sai in cutar ta bazu, ga kumburi ga zazzaɓi. Abin da ya fi aiki shi ne ibufurofen haɗe da farasitamol, ga wanda ba shi da gyambon ciki ko ciwon ƙoda, kuma ba mai ciki ba. Farasitamol kada babba ya wuce giram 4 a yini, ku lura da yawa daga magungunan mura ma akwai shi a ciki. Baba ya bi abin da aka rubuta masa. Kada a danna asfirin a dasashi, ƙona naman yake. Ruwan batir da fetur kuwa, don girman Allah a bari. Sannan duk abin da ka sha kafin ka zo ka faɗa, da lokacin da ka sha, don ƙwaya tana rage lambar, tana kuma iya ɓata mana gwajin ƙwanƙwasa.

Inna Asabe: Bayan an yi aikin fa? Maƙwabciyata ta ce ita sai da ta yi kwana biyu ba ta tauna da gefen.

Auwal ɗalibi: Hakan yana faruwa Inna, gindin saiwar ne ke tsami. Wani nazari da aka buga a 2011, wanda ya tattara bincike masu yawa, ya samu kimanin 81 cikin ɗari suna da ciwo kafin aiki, bayan kwana ɗaya 40, bayan mako 11. Kuma wanda ya zo da ciwo mai tsanani ya fi zama cikin masu jin tsamin bayan aiki. Wani amfanin faɗin gaskiya ke nan tun farko, a sallame ka da maganin da ya dace da kai.

Alhaji na Katako: Yaro ka iya lissafi. Ni dai in na je zan ba su lambarsu, amma sai sun saurari bayanina tukuna.

Malam Sabo Tela: Jama'a na dawo da rahoto. Na koma da safe, fiya wata a hannu. Yarinyar nan ce dai, ta sake miƙo takarda. Na rufe ido na ce tara. Ba ta ko ɗago kai ba balle ta yi dariya, ta rubuta ta shiga ciki, ba a yi rabin awa ba aka kira ni. Allurar farko leɓe ya mutu amma da aka sa audugar sanyi sai da na ɗaga hannu, aka ƙara wata. Aka shimfiɗa min wata roba a baki haƙorin kaɗai ya leƙo, aka yi ta shiga da wasu 'yan siraran allurai kamar na keken ɗinki. An toshe da farin abu, saura zuwa ɗaya a cike saiwoyin. An ce in rubuta lamba safe da yamma har kwana uku. A bangon shago nake rubutawa da allin yanka, kusa da awon kafaɗar mutane. Daren jiya biyar, yau da safe uku, kuma na yi barci har na makara sallar asuba.

Maman Hanifa: Alhamdu lillahi. To Malam ɗinkin su Hanifa fa, daga sifili zuwa goma ya kai nawa?

Malam Sabo Tela: Hajiya, da sauƙi.

Bala Direba: Likita, wai hoton haƙorin nan sai da azumi ake zuwa, ko zan iya biyowa in na sauke fasinjan Bukuru?